Kada a Zaunar da Tsoho: Yadda Ake Kiyaye Ƙwaƙwalwar Dattawa

Shekarar da Baba ya haura saba'in muka yi abin da muke ganin shi ne biyayya. Muka taru, ni da ƙannena, muka ce ya isa haka, ya bar fita kasuwa, shagon yadi ya koma hannun autanmu. Aka saya masa kujera mai laushi, aka sa masa fanka da talabijin, ko buta ba a barinsa ya ɗauka. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya sa mana albarka. Ba a yi shekara biyu ba, mutumin da yake riƙe bashin mutum arba'in a ka a babbar kasuwar Garwa da ke arewacin Kamaru, ba littafi ba alƙalami, ya koma tambayar yau wace rana ce sau uku kafin azahar. Shekaru suna da nasu rabon a ciki, amma mu ma mun taimaka, kuma da kyakkyawar niyya muka yi.

Wuƙar da aka ajiye ita ke tsatsa. Yawancin abin da zan faɗa a nan abubuwa ne da tsofaffinmu suka saba yi da can, tafiya da tilawa da ciniki da hira, waɗanda mu 'ya'ya muke karɓewa ɗaya bayan ɗaya da sunan hutar da su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da cutar mantuwa, wadda mu muke kira gigin tsufa ko ruɗewa. Har yau babu maganin da ke warkar da ita. Amma wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa, a rahotonsa na 2024, abubuwa 14 da mutum ke iya gyarawa, ya ce kusan kashi 45 cikin 100 na masu cutar ana iya danganta halinsu da waɗannan abubuwa. A cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, raunin ji, raunin gani, rashin motsa jiki, kaɗaici, damuwa da shan taba. Babu wanda zai ba ka tabbacin cewa tsohonka ba zai ruɗe ba. Abin da ke hannunka shi ne jinkirta abin da rage ƙarfinsa.

Mataki na farko: gane irin mantuwar

Goggo ta ajiye carbi ta manta inda yake, ko ta kira sunan jika uku kafin ta dace da wanda take nufi, wannan tsufa ne kawai, kuma ɗan shekara arba'in ma yana yi. Alamarsa ita ce abin yana dawowa daga baya, kuma ita kanta ta san ta manta.

Wanda ya kamata ya tayar maka da hankali daban ne. Mutum ya fito daga masallacin unguwar da ya shekara arba'in a ciki ya kasa gane hanyar gida. Jerin alwala ya rikice masa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ta zuba gishiri sau uku a miya ɗaya. Ya yi tambaya, a ba shi amsa, bayan minti biyar ya maimaita kamar bai taɓa yi ba. Ta fara zargin suruka da sata alhali ita ta ɓoye kuɗin a ƙarƙashin tabarma. Idan irin waɗannan suka taru, suna ƙaruwa wata bayan wata, lokacin ganin likita ya yi. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu wannan hali cutar Alzheimer ce ke damunsu, wadda aka sa wa sunan likitan Jamus da ya fara bayaninta a 1906.

Akwai kuma na uku, shi ne na gaggawa: tsohon da jiya lafiyarsa lau, yau ya wayi gari yana sambatu, bai gane mutane ba. Gigin tsufa ba ya zuwa a dare ɗaya. Wannan yawanci zazzaɓin cizon sauro ne, ko ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, ko ciwon mafitsara, ko suga ya yi ƙasa, ko farkon shanyewar ɓarin jiki. A kai shi asibiti a ranar. Tofi da rubutu ba sa hana tafiya asibiti, ana iya yi a hanya.

Mataki na biyu: a gyara jiki kafin a fara motsa ƙwaƙwalwa

Babu amfanin ka zaunar da tsoho yana hadda alhali jininsa ya hau sama yana lalata ƙananan jijiyoyin da ke shayar da ƙwaƙwalwar. A auna jini. Idan yana kai 140 bisa 90 ko sama a awo fiye da ɗaya, magana ta koma wurin likita. Matsalarmu a nan sananniya ce: a sha magani wata ɗaya, ciwon kai ya lafa, a ce an warke. Hawan jini ba ya warkewa haka, kuma sau da yawa ba ya nuna alama ko kaɗan. A auna suga ma.

Sai ido da kunne, waɗanda aka fi rainawa. Tsohon da ba ya ji sosai yakan gaji da cewa “na'am?”, sai ya daina shiga hira, ya koma gefe yana gyaɗa kai. Daga nan mutanen gida su ce ya fara ruɗewa, alhali maganar ce ba ta shiga tun farko, kuma abin da bai shiga ba ba a tuna shi. Wani lokaci dauɗar kunne ce kawai ta toshe, ma'aikacin lafiya ya wanke, shi ke nan. Kada a sa tsinke ko gashin kaza. Wani kuma na'urar ƙara ji yake bukata. Yanar ido ma aikinta ba ya daɗewa, kuma mutum yana komawa ga Alƙur'aninsa da ɗinkinsa. Na san tsofaffi da yawa suna tsoron a taɓa musu ido. Hanya mafi sauƙi ita ce a kawo musu sa'arsu da aka yi wa aikin ya ba su labari da bakinsa.

Ranar zuwa asibiti a tattara duk abin da yake sha a leda ɗaya: na likita, na mai tallar magani a kan keke, da na gargajiya. Wasu magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa barci, da ƙwayoyin barci irin su Valium, da tiramol da ake sha don ciwon gaɓoɓi, duk suna dusashe tunanin tsoho. Ƙarancin sinadarin B12 da matsalar ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod su ma suna kawo mantuwa, kuma ana maganinsu. Haka baƙin ciki. Matar da ta rasa mijin da suka yi shekara hamsin tare, ta daina cin abinci sosai, ta daina magana, za ka ɗauka ƙwaƙwalwa ce ta taɓu, alhali zuciya ce.

Mataki na uku: tafiya

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak, tafiyar ƙafa zan zaɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba waɗanda suka kai 65 shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato minti talatin sau biyar. A 2011 an wallafa wani bincike da aka yi a Amurka kan tsofaffi 120: rabinsu sun riƙa tafiya ta minti arba'in sau uku a mako har shekara guda, kuma ɗan sashen ƙwaƙwalwa da ke ajiye sabbin abubuwa, wanda likitoci ke kira hifokamfas, ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100 a wurinsu, alhali a irin waɗannan shekaru raguwa yake yi.

A fara da minti goma, a riƙa ƙara biyar kowane mako. Saurin da ake so shi ne wanda numfashi zai ɗan ɗaga amma mutum yana iya magana. Lokaci kuwa yanayinmu ne zai faɗa. A Garwa da Marwa da Kusiri zafin Maris da Afrilu yana wuce 40, don haka bayan asuba ne, ko da la'asar sakaliya, da gorar ruwa a hannu. Lokacin hunturu mai tari ko asma ya jira ƙura ta ɗan lafa.

Tsoho ba ya son a ce masa “motsa jiki”, yana jin kamar an mai da shi yaro. A ba tafiyar dalili. Sallar la'asar a masallacin da ke ɗan nesa maimakon na ƙofar gida. Duba aboki mara lafiya. Raka jika makarantar allo. A riƙa sauya hanya, yau ta bayan kasuwa, gobe ta wajen makaranta, domin neman hanya shi ma aikin ƙwaƙwalwa ne. Babur ya lalata mu duka, tafiyar minti biyar sai an tsayar da ɗan acaba.

Mata da ba sa yawan fita suna da nasu: shara, tankaɗe, shanya, zagayen tsakar gida, zuwa barka da gaisuwa a ƙafa. Idan Inna ta ɗauki tsintsiya kada surukai su ruga su ƙwace. A bar ta ta share gefenta.

Abu biyu kuma na cikin gida. Tashi daga kujera a koma a zauna sau goma, in da hali ba tare da dafa hannu ba. Sai tsayuwa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango, a ƙirga zuwa goma, a sauya. Waɗannan suna kare mutum daga faɗuwa, kuma faɗuwa ɗaya da ta karya ƙugu tana iya kwantar da tsoho har ƙarshen rayuwarsa. Sanda ba abin kunya ba ce.

Mataki na huɗu: hadda da tilawa

A nan muna da dukiyar da wasu ke biyan kuɗi su koya. A 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa yawancin abin da mutum ya koya yana zubewa a cikin awowi da kwanakin farko, kuma maimaitawa a rarrabe, ana ba da tazara, ita ke kafa shi. Malaman tsangaya sun daɗe suna aiki da wannan ba tare da sun ji sunansa ba: darasu da safe, tilawa da dare, tishin karatun baya. Hadisi ma ya yi umarni da a riƙa bibiyar Alƙur'ani domin ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa.

Sai dai akwai bambanci tsakanin karanta abin da harshe ya riga ya saba da koyon sabo. Fatiha da ƙulhuwallahu suna da ladarsu, amma ba sa wahalar da ƙwaƙwalwa, harshe ne ke tafiya da kansa. Abin da ke aiki shi ne surar da ta zube tun ƙuruciya, ko wadda ba a taɓa haddacewa ba.

Ga yadda muka tsara wa Baba. Bayan asuba ya ɗauki aya biyu ko uku, ba fiye ba, ya karanta su a bayyane sau bakwai yana kallo. Sai ya rufe Alƙur'anin ya kawo su da ka. Inda ya tsaya, kada mai sauraro ya yi saurin tuna masa. A bar shi ya ɗan yi kokawa da ita, domin wannan laluben shi ne motsa jikin. In ta ƙi, ya buɗe ya duba. Da azahar ya sake kawowa da ka, haka bayan isha'i. Washegari kafin ya ɗauki sabo ya fara da na jiya. Bayan kwana uku a koma kansu, bayan mako a sake. Ranar Juma'a ba a ɗaukar sabo, tishin na mako ake yi gaba ɗaya.

Mai sauraro ya zama jika in da hali. Yaro ɗan shekara goma yana riƙe da Alƙur'ani yana cewa “Kaka, ka tsallake”, tsoho yana cewa “kai tafi can, ni na koya wa ubanka”, wannan wasan kaka da jika ya fi kowane tsari riƙe su a kan karatun. Ɗa ba zai iya gyara wa mahaifinsa haka ba, kunya ba za ta bar su duka biyu ba.

Wadda ba ta iya karatu ba ba a bar ta a baya ba. A sa mata karatun a waya ta riƙa bi, ko ta shiga Islamiyyar manyan mata, inda za ta sami karatu da ƙawaye a lokaci ɗaya. Sunayen Allah 99, biyar a mako, sun ishe ta aikin wata biyar. Addu'o'in safe da maraice da waƙoƙin bege da na wa'azi duk suna shiga wannan tsari. Maƙwabtanmu Kirista za su iya yin haka da ayoyin Zabura da waƙoƙin coci, hanyar ɗaya ce.

Mataki na biyar: lissafi, harsuna, wasa da aikin hannu

Kada a raba tsoho da kuɗi. Ba ina nufin a bar masa dukiyar gida in ya fara rikicewa ba, amma kuɗin cefane da canji su riƙa bi ta hannunsa. Mu da ke ƙirga sefa da dala, kowace dala faranka biyar, ko riyal a wajen mutanen Chadi, kullum cikin lissafi muke ba mu sani ba: mai kifi ya ce dala ɗari da ashirin, kai kuma takardar jaka ɗaya, wato faranka dubu, ce a hannunka, nawa ne canji? A bar Goggo ta lissafa kafin yaro ya ciro waya. In za a je kasuwa ta riƙe abu biyar a ka, daga baya bakwai. Dabarar ita ce a haɗa su gida-gida: kayan miya uku, na wanki biyu, na shayi biyu.

Harsuna ma wata dukiya ce. Dattijo a Garwa yana Hausa a gida, Fulatanci a kasuwa, ɗan Faransanci a ofis, na Kusiri da Injamena ga Larabcin Shuwa a kai. Wani bincike da aka yi a birnin Haidarabad na Indiya, aka wallafa a 2013, ya duba masu cutar mantuwa 648, ya ga cewa masu harshe biyu ko fiye cutar ta bayyana a jikinsu bayan kusan shekara huɗu da rabi idan aka kwatanta da masu harshe ɗaya, har a cikin waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Tsohon da aka zaunar a gida harshe ɗaya ya rage masa. A bar shi ya yi ciniki da mai nono da Fulatanci, ya yi wa baƙo tafinta.

Dara kuwa ba sai an saya ba: gurbi talatin a ƙasa, biyar sau shida, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da tsakuwa wancan da kara. Wasa ne na hangen gaba da tuna inda abokin wasa ya nufa, ga zolaya da dariya a kai. Ludo da karta ma ba laifi in babu caca.

Aikin hannu mai ƙirga shi ma haka: ɗinkin hula, saƙar faifai da tabarma, kaɗin auduga ga wadda ta iya, tukar igiya, kiwon 'yan kaji da awaki da sanin wadda ta haihu da wadda ba ta dawo ba. Kuma kowace shekara a nemi abu ɗaya sabo fil. Mu namu shi ne aika saƙon murya ta WhatsApp. Sati uku muka yi ana faɗa, yanzu ƙanin Baba da ke Ngaundere ne ke kukan yawan saƙo.

Gargaɗi ɗaya: wanda ya dage da dara, dara zai ƙware, ba lallai ya daina manta inda ya ajiye makulli ba. Shi ya sa ake haɗawa. A Finlan an yi gwaji na shekara biyu da mutum 1,260 masu shekara 60 zuwa 77, aka wallafa sakamakon a 2015. Waɗanda aka haɗa musu gyaran abinci da motsa jiki da aikin ƙwaƙwalwa da lura da hawan jini a lokaci ɗaya sun fi sauran riƙe kaifin tunani. Masu tallar ƙwayoyin “ƙara basira” kuma a bar musu kayansu.

Mataki na shida: hira

Gidan da ke da mutum ashirin ma tsoho yana iya zama cikin kaɗaici. A gaishe shi da safe, a ajiye masa abinci, kowa ya kama gabansa, matasa kansu a sunkuye kan waya. Gaisuwa ba hira ba ce. “Ina kwana, lafiya lau” ba ta bukatar tunani.

Majalisar ƙofar gida a ƙarƙashin darbejiya, inda sa'o'i ke taruwa bayan la'asar, magani ce. In abokansa sun ragu, kamar yadda dole su ragu, a kai shi inda sauran suke ko da sau biyu a mako. Ɗaurin aure, suna, jana'iza, kada a riƙa cewa “Baba ka zauna, mun wakilce ka” sai in jiki ne ya hana.

A cikin gida kuma a riƙa tambayarsa abin da shi kaɗai ya sani. Tambayar ta zama mai buɗe baki, ba jarrabawa ba. “Baba, ka tuna sunan wane?” tana sa tsoho ya tsargu. “Baba, yaya Garwa take lokacin da jiragen ruwa ke zuwa ta Binuwai da damina?” tana sa shi ya gyara zama. Tambaye shi zamanin Ahmadu Ahijo, ɗan garin nan da ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982. Tambaye shi shekarar da jirgin ƙasa ya iso Ngaundere, 1974, da yadda ake zuwa kudu kafin nan. Ginin madatsar Lagdo, farin 1984, karyewar darajar sefa a Janairun 1994 da abin da ta yi wa 'yan kasuwa, inda ya kalli Roger Milla a gasar kofin duniya ta 1990. Na Chadi a tambaye su lokacin da Injamena take Fort-Lamy, kafin a sauya sunan a 1973. Sai asalin gidan: wa ya fara zuwa daga Kano ko Katsina ko Barno, da wace sana'a, ta wace hanya, wa ya haifi wa. A ɗauki muryar a waya. Bayan mako a dawo da wata tambaya daga cikin abin da ya faɗa, ya ga an saurara.

Tsohuwa kuma a mayar mata da dandalinta. “Ga ta nan, ga ta nanku” bayan isha'i, da kacici-kacici, da karin magana, ita ta faɗi rabi yara su ƙarasa, gobe su faɗi rabi ita ta ƙarasa. Riƙe tatsuniya daga farko har “ƙurunƙus” ba ƙaramin aiki ba ne.

Rediyo ya fi talabijin da ake bari a kunne yini guda ba mai kallo. In ya saurari labaran BBC ko RFI ko DW na Hausa, wani ya tambaye shi, “Baba, me suka ce yau? Ban samu na ji ba.” Sanin cewa za a tambaye shi yana sauya yadda yake sauraro. Sannan a riƙa kawo masa shawara ta gaske: rikicin ma'aurata, zaɓen ragon layya, maganar gona. Tsoho yana gane shawarar da aka kawo don a faranta masa kawai.

Mataki na bakwai: ci, sha da barci

Abincinmu na asali ba shi da laifi: tuwon dawa ko masakwa, miyar kuka da yakuwa da lalo, zogale, wake, gyaɗa, kifin Lagdo ko na Logon. Abin ragewa shi ne gishiri da dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa uku-uku a tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Sai sukarin shayi, wanda ake zubawa kamar ana gaba da shi. Taba, ta sha ko ta leɓe, a bar ta ko a shekara nawa ne.

Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, don haka kada a jira ya nema. Kofi ɗaya bayan kowace salla, da ƙari lokacin zafi, sai in likita ya taƙaita masa ruwa. Azumi kuwa, mai suga ko mai shan magani kullum ya ji ta bakin likita da malam kafin Ramadan.

Barci awa bakwai zuwa takwas, domin cikin barci ne abin da aka koya da rana ke zaunawa. Goro da shayi mai kauri su tsaya daga la'asar. Ƙailula ta zama gajera, rabin awa ya isa. Gidan sauro kuma kullum.

Mataki na takwas: gida ya taya shi tunawa

Kowane abu da wurinsa: ƙusa ɗaya ta makulli, faifai ɗaya na tabarau da carbi da waya. Kalanda mai manyan lambobi a bango, shi da kansa zai soke ranar kowace safiya. Magani a ɗaura shi da salla, na safe bayan asuba, na dare bayan isha'i, don salla ce agogon da ba ya ɓace wa tsofaffinmu da wuri. In zai ajiye abu ya faɗa a bayyane: “na sa kuɗin a aljihun farar riga.” In an gabatar masa da baƙo ya maimaita sunan nan take, ya haɗa shi da wani mai irin sunan da ya sani. Magana ɗaya a lokaci ɗaya, a kashe talabijin in ana son ya riƙe saƙo. Kada a sauya masa ɗaki ko a juya kayan ɗakin ba dalili.

Ba a fara duk wannan rana ɗaya. Makon farko asibiti da tafiyar minti goma. Na biyu a ƙara hadda. Na uku majalisa ko dara. Abin da ya ƙi, a bar shi a gwada wani, domin abin da tsoho ba ya so ba zai yi sati biyu yana yi ba.

Idan abin ya riga ya yi nisa

Wanda cutar ta kama sosai ba a sa shi hadda, ba a yi masa jarrabawa. In Goggo ta tambayi mijinta da ya rasu shekara goma, kada a ce “sau nawa za a gaya miki ya mutu?”, domin kowane faɗi sabon mutuwa ne a wurinta. A ce, “Goggo, kin tuna shi ke nan? Wace miya ya fi so?” In ta ce an sace mata kuɗi, a taya ta nema. A ba ta aikin da hannu ya sani, tsintar wake, ɓarar gyaɗa, ninke kaya. Karatun da waƙoƙin da ta sani tun ƙuruciya sukan daɗe bayan sunaye sun tafi, a riƙa sa mata su. A ɗinka lambar wayar wani a cikin rigarta, a sanar da maƙwabta da masu shagon unguwa don in sun gan ta ita kaɗai su dawo da ita. Ashana da wuƙa da magani a ɗauke daga inda hannunta zai kai.

Tsohuwar da aka tsinta tana yawo da dare, ko tana ambaton matattu, ba mayya ba ce, mara lafiya ce. Alƙur'ani ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli, aya ta 70, inda ya yi maganar wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Kulawar kuma kada a jibge ta a kan suruka ɗaya ko 'ya ɗaya. A raba kwanaki, wanda ke nesa ya aiko da kuɗi.

Baba dai mun mayar da shi shago, safiya uku a mako, daga takwas zuwa sha ɗaya kafin rana ta yi zafi. A ƙafa yake zuwa, babur ke dawo da shi. Autanmu ke awo da yanka, shi kuma ciniki da littafin bashi. Har yanzu yana tambayar rana wani lokaci, amma ranar Lahadi ba ta ɓace masa, don ita ce ranar kasuwar Pitowa da ke kusa da Garwa, kuma tun daren Asabar yake fara lissafa waɗanda za su zo biyan bashi.